Tsiro a Cikin Duhu: Tambayoyi da Amsoshi Kan Abin da Ke Riƙe Shuka Kafin Ta Ga Haske

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban nazarin tsirrai da na aikin gona suke yawan yi, har da masu lambu da ke renon tumatir da tattasai. An fara da abin da kowa ke gani da idonsa, sannan aka shiga cikin tantanin shuka, wato ƙananan ɗakunan da aka gina jikinta da su, inda ainihin aikin ke gudana. Sunayen furotin irin su COP1 da PIF an bar su yadda masana ke rubuta su, domin haka ɗalibi zai same su a ko'ina.

Me ya sa tsiron da ya fito a duhu yake yin tsawo, ya sirance, ya yi fari?

Duk wanda ya taɓa ɗaga ƙwarya ko tsohon buhu a damina ya tarar da wake ya tsira a ƙarƙashi ya san wannan kama: kara dogo mai laushi, kai a sunkuye, ganyayen farko biyu a manne da juna, launinsu ɗorawa maimakon kore. Tsiron yana ɗaukar duhu a matsayin alamar cewa har yanzu yana binne. Abincin da yake da shi kuwa bai wuce guzurin da uwarsa ta zuba masa a cikin ƙwaya ba, kuma ba zai ƙaru ba sai ya kai ga rana. Saboda haka yake kashe guzurin a kan abu guda, wato miƙewa sama. Faɗin ganye, kauri, kore, yawan saiwa, duk yana ajiye su sai ya fito.

Tsawon ma ba daga yawaitar tantani yake zuwa ba. Galibi tantanin da ke akwai ne ke shan ruwa suna miƙewa, shi ya sa karan yake da ruwa-ruwa kuma yake saurin karyewa.

To wannan ba rashin lafiya ba ne? Ba rashin haske ne kawai ya hana shi kyau ba?

A nan ne yawancin mutane ke kuskure, kuma idan aka gyara wannan fahimta sauran bayanin zai zo da sauƙi. Tsiron duhu ba tsiron da ya gaza ba ne. Tun yana cikin ƙasa yana da ikon buɗe ganye da taƙaita kara, amma akwai wasu furotin a cikinsa da ke tsaye dare da rana suna hana shi yin hakan. Girman duhu tsari ne da ake tilasta wa tsiro da ƙarfi, kamar dokin da aka ja wa linzami. Haske bai zo da sabon umarni ba. Sakin linzamin yake yi.

Hujjar ita ce an samu tsirran da linzamin nasu ya lalace tun daga gado. Aka shuka su a duhu ƙirin, sai ga su gajeru, ganye a buɗe, kai a miƙe, tamkar sun kwana a rana. Tambaya ta gaba ta kawo labarin yadda aka same su.

Su wa suka gano haka, kuma da wace shuka?

Kusan duk aikin an yi shi ne a kan wata 'yar ciyawa dangin kabeji mai suna Arabidopsis thaliana. Ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, ana iya shuka dubbai a faranti ɗaya, tana kammala rayuwa cikin makonni, kuma a shekarar 2000 ta zama shuka ta farko da aka karanta jerin ƙwayoyin gadonta.

A 1980 Maarten Koornneef da abokan aikinsa a Wageningen ta ƙasar Holan suka fitar da tsirran da ke yin tsawo ko da a cikin haske, kamar ba su gani. Aka sa musu suna hy. Daga baya wasu suka juya tambayar: idan akwai masu halin duhu a cikin haske, ba za a samu masu halin haske a cikin duhu ba? A 1989 Joanne Chory, wadda ta yi aikinta a Cibiyar Salk da ke Kalifoniya, ta bayyana irin wannan tsiro, aka sa masa suna det1. A 1991 Xing Wang Deng, yana aiki tare da Peter Quail, ya bayyana cop1. A kowannensu ƙwayar gado guda ce kawai ta lalace, ta DET1 a na farko, ta COP1 a na biyu, sai tsiron ya saki halin duhu gaba ɗaya. A ganina wannan juya tambaya na daga cikin dabaru mafi kyau a tarihin nazarin tsirrai, domin bai buƙaci wata na'ura mai tsada ba, sai ɗaki mai duhu da haƙurin duba tsiro ɗaya bayan ɗaya.

Shuka ba ta da ido. Da me take gane haske?

Da furotin masu ɗauke da launi, waɗanda siffarsu ke sauyawa idan haske ya taɓa su. Fitokurom na gane jan haske. Arabidopsis na da guda biyar, daga phyA zuwa phyE. Kiriftokurom na gane shuɗi, kuma Margaret Ahmad da Anthony Cashmore ne suka gano na farko a 1993, daga ɗaya daga cikin tsirran hy ɗin nan na Koornneef. Fototurofin ma shuɗi yake gani, amma babban aikinsa karkatar da kara wajen haske. Sai UVR8 mai gane hasken rana mai ƙuna da ido ba ya gani.

A sha'anin fitowa daga duhu, fitokurom da kiriftokurom ne kan gaba.

Yaya fitokurom ke aiki?

Yana da fuska biyu. Ana ƙera shi ne a siffar da ake kira Pr, wadda ba ta aiki. Jan haske mai tsayin zango kimanin nanomita 660 na juya shi zuwa Pfr, mai aiki. Akwai kuma wani ja da ke can ƙarshen abin da ido ke iya gani, wajen nanomita 730, mu kira shi jan ƙurya. Shi kuma mayar da Pfr yake yi zuwa Pr. Ko babu jan ƙurya, idan aka daɗe a duhu Pfr na komawa Pr a hankali.

An gano wannan ne a tashar binciken noma ta Beltsville a Amurka. A 1952 Harry Borthwick da Sterling Hendricks da abokansu suka haska wa irin latas ja, ya tsira. Suka haska ja suka bi shi da jan ƙurya, ya ƙi. Suka yi ta maimaitawa, ja, ƙurya, ja, ƙurya, sai suka ga irin ba ya bin komai sai hasken ƙarshe. A 1959 aka tabbatar da furotin ɗin kansa a wannan tasha.

Wani abu da ya shafi duhu kai tsaye: phyA na taruwa da yawa a jikin tsiron da ke binne, har ya zama ɗan ƙyallin da bai kai ya kawo ba ma yana ji. Da zarar ya fito rana sai a rushe mafi yawansa, phyB ya karɓi ragama. Wato tsiro na kaifafa ganinsa ne daidai lokacin da ya fi buƙatarsa.

Mene ne aikin COP1 a cikin duhu?

COP1 mai sa tambari ne. A cikin tantani akwai wani ƙaramin furotin mai suna yubikwitin; duk furotin da aka liƙa wa jerinsa, an yanke masa hukuncin niƙa, sai wata na'ura mai suna furotiyasom ta farfasa shi. Gano wannan tsari ne ya ba Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose kyautar Nobel a 2004. COP1 na cikin masu zaɓen wanda za a liƙa wa tambarin.

A duhu yana zaune a cibiyar tantani, inda ƙwayoyin gado suke, tare da mataimakansa da ake kira SPA, su huɗu ne a Arabidopsis. Babban abin farautarsa shi ne HY5, furotin da ke hawa kan DNA yana kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado na rayuwar haske: masu taƙaita kara, masu haɗa launi, masu shirya ganye don dafa abinci. Tsiron na ƙera HY5 a duhu, COP1 na aika shi maniƙa, haka ake ta yi. An nuna wannan a fili a shekarar 2000 a ɗakin binciken Deng a Jami'ar Yale.

Mutum zai ce wannan ɓarna ce, a ƙera abu a rushe shi. Amma ribarsa sauri ne. Ranar da haske ya zo ba sai an fara gini daga tushe ba, dakatar da rushewa kawai za a yi. Ga tsiron da guzurinsa ya kusa ƙarewa, awa ɗaya ma ba ƙaramin abu ba ne.

Su kuma PIF fa? Aiki ɗaya suke yi da COP1?

Manufa ɗaya, hanya daban. COP1 na kawar da masu son haske. PIF su ne ke gudanar da mulkin duhu. Suna hawa kan DNA suna kunna ƙwayoyin gadon miƙewa, masu sassauta bangon tantani da masu ƙara sinadarin girma mai suna oksin, suna kuma danne na kore. An samu na farkonsu, PIF3, a 1998 a ɗakin binciken Peter Quail, ta hanyar neman furotin da ke kama fitokurom. Daga nan sunan ya samo asali, domin PIF a Turanci na nufin mai hulɗa da fitokurom.

An daɗe ba a gane nauyinsu ba, domin idan aka cire ɗaya sauran na rufe gurbinsa. Sai a 2008 da aka haɗa tsiron da ya rasa huɗu lokaci guda, PIF1 da PIF3 da PIF4 da PIF5, aka ga ya fito a duhu gajere, ganye a buɗe, kusan irin cop1.

Ɓangarorin biyu kuma ba a rabe suke ba. Akwai wani furotin, HFR1, da ke kama PIF ya hana shi hawa DNA, kuma shi ma COP1 ne ke rushe shi a duhu. DET1 na Chory kuwa na taimaka wa PIF su dawwama. Don haka idan an taɓa ɗaya, ɗayan ma ya ji.

Me ke faruwa a mintunan farko da tsiro ya leƙo waje?

Jan haske ya juya fitokurom zuwa Pfr, Pfr ya shiga cibiyar tantani. A can ya kama PIF, a manna musu fosfet, a bi da yubikwitin, su tafi maniƙa. Wannan cikin mintuna yake faruwa, ba kwanaki ba. A lokaci guda fitokurom da kiriftokurom na kama SPA, haɗin COP1 da SPA ya yi rauni, HY5 ya fara taruwa. Idan hasken ya ɗore, COP1 kansa na raguwa a cibiya ya koma wajenta.

Abin da ido ke gani na biyo baya: miƙewa ta lafa, wuya ya miƙe, ganye su buɗe, kore ya fara bayyana cikin awanni. Kwana ɗaya a rana ya isa a ga tsiron ya sauya kama.

Me ya sa kan tsiron wake yake fitowa a lanƙwashe?

Domin kare kansa. Wurin da duk ganye da reshe na gaba za su fito yana can a ƙoli, tsakanin ganyayen farko, kuma yana da taushi. Da tsiron zai huda ƙasa da shi, da yashi ya goge shi. Sai ya sunkuya ya tura ƙasa da gwiwar wuyansa, ya jawo kan a baya. Charles Darwin da ɗansa Francis sun yi dogon bayani kan wannan lanƙwasa a littafinsu na 1880 kan motsin tsirrai. Ana samun ta ne saboda oksin ya fi taruwa a cikin lanƙwasar, ya rage miƙewar wannan gefe, gefen waje kuma ya ci gaba.

A nan iskar etilin ke shigowa. Idan ƙasa ta danne tsiro, yana ƙara fitar da etilin, etilin kuma ya sa karan ya yi kauri, lanƙwasar ta ƙara ƙarfi. Tun a 1901 Dimitry Neljubow ya lura da wannan hali a tsiron fis a Rasha, sanadin iskar fitilun ɗakin bincikensa. Furotin da ke isar da saƙon etilin, EIN3, na aiki kafaɗa da kafaɗa da PIF. Ke nan tsiro na auna abu biyu lokaci guda: duhu, da nauyin abin da ke kansa. Manomin da ya ga ƙasa ta yi ɓawo bayan ruwa mai ƙarfi da rana mai zafi, ya tona ya tarar da tsiro ya kumbura ya murɗe a ƙarƙashi, wannan kokawar ya gani.

Me ya hana shi yin kore a duhu, tunda ya san zai buƙata?

A tsirrai masu fure, mataki na kusa da ƙarshe wajen haɗa kulorofil, wato koren ganye, ba ya yiwuwa sai da haske. Tsiron na haɗa abin har ya kai wani sinadari mai suna furotokulorofilid, ya ajiye shi manne da furotin POR, yana jira. Haske na sauka aikin ya ƙarasa. Wasu bishiyoyi irin su fain suna da wata hanya ta biyu, shi ya sa tsironsu ke iya yin kore a duhu.

Ajiyar nan tana da haɗari. Furotokulorofilid ɗin da ya yi yawa, wanda POR bai riƙe ba, idan rana ta buge shi yana haifar da wani nau'in iskar oksijin mai ƙona tantani. PIF ne ke daidaita ma'aunin. An ga tsirran da suka rasa PIF1, bayan sun daɗe a duhu aka fito da su, sun yi fari fat sun mutu. Wannan ne abin da ya fi burge ni a duk labarin: furotin ɗin da muke ɗauka abokin gabar haske, shi ne ke shirya tsiro don kada hasken farko ya kashe shi.

Ina matsayin sinadaran girma irin su jibarelin?

Jibarelin na da yawa a tsiron duhu, yana kuma sa a rushe wasu furotin masu suna DELLA. DELLA kama PIF suke yi su hana su aiki, saboda haka rushe su sakin PIF ne. Haske na rage jibarelin, DELLA su taru, PIF ɗin da ya tsira daga fitokurom ma ya rasa motsi. Wani sinadarin girman kuma, burasinositiroyid, na tura girma ta hannun BZR1, wanda ke haɗuwa da PIF4 a kan DNA. Tsiron det2 na ɗakin binciken Chory, da aka bincika a 1996, ashe wannan sinadari ne ya kasa haɗawa.

Gero da dawa da masara ba sa lanƙwasa kai. Nasu tsarin daban ne?

Furotin ɗin dangi ɗaya ne, jikin ne daban. Hatsi na fitowa da ganyensa a naɗe cikin wani kube mai tsini da ke huda ƙasa. A ƙarƙashin kuben akwai wata gaɓa fara da ke miƙewa a duhu tana tura shi sama. Da haske ya taɓa kuben, gaɓar ta tsaya, ganye ya fasa ya fito. Shi ya sa gindin da manyan saiwoyi ke fitowa yake zama kusa da saman ƙasa, ko an zurfafa iri ko ba a zurfafa ba. Ka tona masara mai mako biyu ka duba tsakanin ƙwaya da gindi, za ka ga gaɓar.

A dawa, ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon da masu kyautata iri suka daɗe da sani saboda tana sarrafa lokacin fitar kai, wato Ma3, an gano ashe phyB ce. Dawar da ta rasa ta na yin tsawo, ta sirance, ta fid da kai da wuri.

Shin wannan na da alaƙa da zurfin shuka?

Ƙwarai. Girman duhu na da iyaka biyu: yawan guzuri, da iyakar tsawon da kube da gaɓa za su iya kaiwa. Ƙwayar gero ƙarama ce, ba za ta jure zurfin da masara ke jurewa ba. Mai shukar binne kafin saukar ruwa na tsakanin haɗari biyu, ya yi sama-sama tsuntsu da zafi su cinye, ya zurfafa tsiro ya ƙare a hanya.

Mutanen Hopi a busasshen yankin Arizona na Amurka sun zaɓi masara mai doguwar gaɓa tsawon zamani, har suna shuka ta a zurfin da ya kai santimita 30 don ta tarar da danshi. Akasin haka ya faru da gajeriyar alkamar da ta yaɗu a duniya daga shekarun 1960: sauyin gadon da ya gajarta karanta a furotin DELLA yake (duba amsar jibarelin a sama), kuma ya gajarta kubenta ma, shi ya sa ba ta son zurfi.

Sai batun ciyawa. PIF1 na hana wasu ƙananan iri tsirowa a duhu tun farko. Idan garma ta juya ƙasa, ɗan hasken da irin ya gani na iya isa phyA ya tashe shi. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa wasu ciyayi su taso bayan huɗa.

Renon tumatir ɗina ya yi tsawo ya zube alhali ba a duhu yake ba. Me ya faru?

Mai yiwuwa inuwa ce ko cunkoso. Koren ganye na shanye ja ya bar jan ƙurya ya wuce, don haka a ƙarƙashin bishiya ko cikin reno mai kauri Pfr na raguwa, PIF su dawo, tsiro ya koma miƙewa. Zafi ma na ƙara abin, domin a 2016 an nuna cewa ɗumi na hanzarta komawar phyB siffarsa marar aiki.

A rage yawan iri a bedi, a tsinke inda ya cunkushe. Ciyawa ko buhun da aka rufe bedi da shi a ɗauke da zarar tsiro ya leƙo, ko kwana biyu kada a ƙara. Rumfa ta zama mai tsayi, a riƙa rage ta a hankali. Tsiron da ya daɗe a rufe kuma kada a fito da shi tsakar rana kai tsaye.

Akwai inda ake son tsiron duhu da gangan?

Akwai. A Sin da maƙwabtanta ana tsirar da wake a duhu don ya yi fari da garɗi. A Jamus ana tara ƙasa a kan bishiyar asfaragas don ta fito fara. A Yokshaya ta Ingila ana renon rubab a ɗakuna masu duhu, har girbinsa ma da hasken kyandir ake yi.

Akwai kuma akasinsa a tumatir: nau'in da ake kira hp2, mai ganye kore shar da 'ya'ya masu yawan launi, DET1 ɗinsa ce ta samu tawaya.

Gaskiya ne mutum ma yana da COP1?

Gaskiya ne. An fara gano shi a shuka, daga baya aka same shi a dabbobi masu shayarwa har da ɗan Adam, yana wannan aiki na liƙa tambari. Ba haske yake bi a jikinmu ba. Cikin waɗanda yake aikawa maniƙa akwai p53 da c-Jun, furotin biyu da masu binciken ciwon daji ke sa wa ido sosai. Haka ma wata tawagar furotin takwas mai suna COP9, wadda Ning Wei da Deng suka gano a tsirran da suka kasa riƙe halin duhu, tana nan a tantanin mutum tana daidaita masu liƙa tambarin.